Daga Katsina Zuwa Baje Kolin Motoci a Abijan: Jirgi Ko Hanya?

A rumfarmu gardamar ta faro, nan inda muke jera motoci a bakin titin Kano a cikin Katsina, bayan an idar da la'asar. Wani abokin cinikinmu da ke zaune a Abijan ya turo wa Yayana sanarwar baje kolin motoci da za a yi a can, ya ce in muna son ganin motocin Sin da ke kwararowa yankin nan da idonmu, har da masu aiki da lantarki, to mu zo. Yaya bai ƙarasa karantawa ba ya waiwaya ya dubi Highlander ɗinsa da ke fake a inuwa.

"Mi za ya hana mu tafi da wannan?"

Na ce, "Yaya, jirgi dai."

Mun kwashe kusan mako guda muna ja-in-ja. Da yake na taɓa bin hanyar bakin teku da mota, na kuma taɓa sauka Abijan ta sama, sai na ga gara in baje lissafin a fili, ko wani ɗan Katsina ko Daura da ke irin wannan shawara zai amfana.

Duk Bakatsinen da ya buɗe taswira, arewa idonsa zai fara kallo. Ga Maraɗi nan a ƙofarmu, ta Jibiya da Ɗan Isa ba ta kai kilomita 100 ba, mutumin Daura kuwa Kwangwalam ce mashigarsa. Daga Maraɗi a bi Birnin Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso, Yamai, a shiga Burkina Faso ta Fada Ngurma zuwa Wagadugu, a gangara Bobo da Buwake da Yamusukuro, sai ga Abijan. Tsofaffin direbobinmu sun sha bin ta, wasunsu har yanzu suna iya lissafa maka inda ake sayar da gasasshen nama mai daɗi a kowane zango. Amma a yau a cire ta daga lissafi. Tsakanin Yamai da Fada Ngurma yanki ne da 'yan bindiga suka addaba shekara da shekaru, har manyan motocin kaya ma sai da rakiyar soja suke ratsa wasu wuraren. Ga kuma siyasa: bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 an rufe iyaka, sai a Maris 2024 Najeriya ta buɗe tata, sannan a ranar 29 ga Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ECOWAS. Wanda ya ce zai yanke ta Doso zuwa Gaya ya haura gadar Malanbil ya faɗa Benin, shi ma ya sani gadar nan ta daɗe a rufe tun bayan juyin mulkin. Hanyar lafiya, a bi ta da shekara.

Saura kudu ke nan. Kuma kudu ba kusa ba ce.

Daga Katsina zuwa Legas ba ya gaza kilomita 1,100, in ka zaga ta Kano da Abuja da Lokoja kuma ya haura 1,300. Mai son gajarta zai bi Malumfashi da Funtuwa ya faɗa Zariya, daga Kaduna ya nemi Mokwa, Jeba, Ilori, Badun. Ban ba kowa shawarar ya yanke ta Birnin Gwari don rage awa biyu ba, kuma duk wanda ke zaune a jihar nan ya san akwai hanyoyinmu na cikin gida da ba a bin su in rana ta yi sanyi. Daga Legas zuwa Abijan akwai wasu kilomita 1,000 da 'yan kai, kuma a cikinsu za ka ƙetare iyaka huɗu: Seme tsakaninmu da Benin, Hilakonji tsakanin Benin da Togo, Aflawo a shiga Gana, sai Elubo da Nowe a shiga Kodebuwa. Togo siririya ce, faɗinta a bakin teku bai fi kilomita 50 da ɗoriya ba, kafin ka gama gyara zama ka fita daga ƙasar mutane. Gana ce mai tsawo: daga Aflawo zuwa Akara, wadda kakanninmu ke ce wa Ankara, sannan Kef Kos, Takoradi, har Elubo.

In ba ka son tuƙin dare, kuma bai kamata ka so ba, kwana biyar ne zuwa. Ranar farko ka kwana Kaduna ko Abuja, ta biyu Badun ko Legas, ta uku Lome, ta huɗu Akara ko Takoradi, ta biyar ka shiga Abijan in Allah ya sa ka riski iyaka kafin a tashi aiki, don ba kowace iyaka ke karɓar mota da dare ba. Dawowa ma biyar. Ka ɗora kwana uku ko huɗu na baje kolin, mako biyu cur sun tafi.

Yaya ya ce ai shi mai kawai zai zuba. To mu lissafa man. Zuwa da dawowa wajen kilomita 4,500 ne. Motar da ke shan lita 10 a kilomita 100 za ta sha lita 450, Highlander mai silinda shida da na'urar sanyi a kunne kuwa ta wuce haka, balle in an shiga cunkoson Legas da na Akara inda inji ke ci mota ba ta motsi. Kowa ya ninka da kuɗin litar yau ya gani. Da can, kafin a cire tallafin mai a Mayun 2023, dabarar ita ce ka cika tanki maƙil a Badagiri ka shiga ƙasashen waje da man gida. Yanzu ratar ta ragu sosai, kuma tanki ɗaya ba zai kai ka Abijan ya dawo da kai ba, dole ka sayi mai da sefa da sidi. Kwalaben mai da ake jerawa a bakin titi a Benin suna da araha, amma ni ba na zuba wa inji mai laushi abin da ban san inda ya kwana ba. Bayan mai, tafiyar nan ɗaya ta cinye maka juyen baƙin mai guda, ta lashe taya da birki, kuma motar da dillali ya ƙara wa kilomita 4,500 a agogo ba za ta koma kan kuɗinta na jiya ba. Wannan mu muka fi kowa sani, mu da muke fara leƙa agogo kafin mu gaida mai mota. Sai kwana takwas na masauki a hanya, da abinci, da kuɗin da ba shi da rasit.

A nan zan ɗan tsaya, domin abin da ke raba mai mota da mai jirgi ba nisa ba ne, iyaka ce. Kai kanka ba ka da matsala: ɗan ƙasar ECOWAS na shiga Benin, Togo, Gana da Kodebuwa ba biza, ya zauna har kwana 90, muddin yana da fasfo da katin rigakafin cutar shawara. Motar ce baƙuwa. Ita sai an nemar mata inshorar ECOWAS da ake kira Brown Card, kai kuma ka riƙe lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa daga hukumar kiyaye haɗura, sannan a kowace ƙasa kwastan su ba ta takardar shiga ta wucin gadi, wadda masu Faransanci ke kira lesefase, ka kuma mayar da ita ranar fita don a tabbatar ba sayar da motar ka yi ba. A but kuma a ga tukunyar kashe gobara da ba ta ƙare wa'adi ba, da alamar kusurwa uku guda biyu, da akwatin magani. Gilashi mai duhu kuwa, wanda samarinmu ke ji da shi, kiran jandarma ne.

Ranar da na koyi wannan karatu, mu uku ne a cikin wata Camry, a ɗaya daga cikin iyakokin nan. Jami'in ya karɓi takardun, ya jera su a kan teburi ɗaya bayan ɗaya kamar mai raba kati, ya ɗora yatsa a kan sunan da ke takardar mallaka, ya ɗora wani yatsan a kan sunan da ke fasfona, ya ɗaga kai ya dube ni. Bai ce uffan ba. Motar mun saye ta hannun wani ma'aikaci, kuma kamar yadda muka saba a harkar nan, ba mu canza suna ba tunda sayarwa za mu yi. A Katsina wannan ba komai ba ne. A can kuwa mota ce da ba ta mai tuƙinta ba, tana neman fita daga ƙasa. Muka koma gindin wata bishiyar mangwaro, daga hantsi har aka yi la'asar, ina ta buga waya gida a nemo tsohon mai motar ya rubuto takardar izini. Aka turo hotonta ta WhatsApp, jami'in ya ce shi takarda mai hatimi ya sani. Wani ɗan canji, mutumin Tawa, da ya ji muna Hausa, ya ajiye jakarsa ya zo ya yi mana tafinta, ya ce da ni, "Alhaji, kai dai ka yi haƙuri ka rage murya, nan ba a cin gardama." Da bakinsa aka sasanta. Abin da ya fita daga aljihuna ranar ya isa kuɗin ɗaki na kwana biyu, kuma in an bi gaskiya laifin namu ne. Duk wanda zai fita da mota, sunan da ke takarda ya zama nasa, ko ya riƙe takardar izini da lauya ya buga wa hatimi.

Ko takardunka sun cika, lambar Najeriya a gaban mota tana jawo usur. Tsakanin Legas da Seme kaɗai shingayen sun isa su koya wa mutum haƙuri. Ba duka ake biya ba, amma duka ake tsayawa.

To jirgi fa? Daga filin jirgin Umaru Musa 'Yar'aduwa zuwa Abuja wajen awa guda ne. Mutumin Daura yana da zaɓi biyu, ya zo Katsina ko ya gangara ta Kazaure zuwa filin Malam Aminu Kano, inda jiragen Abuja da Legas suka fi yawa. Daga Abuja ko Legas akwai Air Côte d'Ivoire da cibiyarsa ke Abijan ɗin kanta, akwai ASKY da ke bi da kai ta Lome ka canza jirgi. In ranakun tashi suka dace, ka yi asuba a Katsina ka yi isha a Abijan, in ba su dace ba ka kwana ɗaya a Abuja. Agogonsu yana bayan namu da awa ɗaya, kamar na Gana da Togo. Iyaka guda za ka gani, ita ma a cikin sanyin na'ura, ba wanda zai tambaye ka tukunyar kashe gobara. Ga wani abin da ya kashe wa Yaya baki na ɗan lokaci: babban filin baje koli na Abijan, wanda aka buɗe a 2023, yana unguwar Port-Bouët ne, dab da filin jirgi. Wato ka tuƙo mota kwana biyar don ka ajiye ta a wurin da mai jirgi ke isa da tasi cikin 'yan mintoci. A cikin gari ma motarka ba ta da wani amfani, ga jan tasi, ga motocin da ake kira ta waya, ga gadoji da cunkoson da baƙo ba ya gane kansu.

Sai dai kada a ɗauka jirgi ba shi da nasa. Tikitin zirga-zirga tsakanin ƙasashen Afirka ta Yamma yana da tsadar da ba ta dace da gajartar tafiyar ba, kuma kaso mai yawa na kuɗin haraji ne da cajin filayen jirgi. Abin ya kai har shugabannin ECOWAS, a taronsu na Disambar 2024, suka amince a rage waɗannan kuɗaɗe. Farashin yana bin dala, kuma yana hawa in ranar tafiya ta matso, don haka mai niyya ya yanka da wuri, ba a fafe gora ranar tafiya. Sannan akwai hazo. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙura na iya rufe sararin Katsina da Kano jirgi ya kasa sauka. Na taɓa zama a ɗakin jira tun hantsi, jakata a tsakanin ƙafafuna, ana ta ce mana nan da awa ɗaya, har aka kira magariba sannan aka ce an fasa. Tikitin gida daban na yanka, na waje daban, saboda haka jirgin da zai fitar da ni daga ƙasa ya tashi abinsa, ba ruwansa da hazon Katsina. Tun daga ranar nake barin kwana guda tsakanin jirgin gida da na waje, ko da zai ci mini kuɗin ɗaki.

Yaya ya sake shiri ya dawo ta wata ƙofar: kaya. Ya ce mai jirgi da jaka mai kilo 23 yake dawowa, shi kuwa but zai cika. Nan yana da gaskiya, amma rabi. Batir, man inji, jakar iska ta sitiyari da duk wani abu mai matsattsen gas ba sa shiga jirgin fasinja, ƙarfe kuma nauyinsa kuɗi ne. Mai mota zai iya tsayawa Abossey Okai, babbar kasuwar kayan gyara ta Akara, ya leƙa filayen motocin Lome da Kwatano, ya ga abin da tashoshin ruwa ke saukewa. Amma duk abin da ka loda sai ka yi bayaninsa a iyaka huɗu, ta ƙarshe kuma kwastan ɗinmu ne. Wanda ke mafarkin ya sayi sabuwar mota a baje kolin ya koro ta gida, ya tuna tun Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, ta tashar ruwa ake bi, ya zauna da ajan ɗinsa mai fito da kaya daga kwastan kafin ya ba da ko sisi. Ni a ganina abin da ake zuwa ɗauka a baje koli ba shi da nauyi: lambar wakilin kamfani, takardar farashi, hotuna, sanin wace mota ce kayan gyaranta ke samuwa, da ka zauna a kujerar ka murɗa sitiyarin ka ji da hannunka. Duk wannan aljihun riga ya ishe shi.

Akwai kuma kuɗin da ba ya fitowa a takarda, wato kwana goma da ka yi ba ka rumfa. Ga ma'aikaci hutu ne ya ƙone. Ga dillali kuwa, mai saye ba ya jiranka, gaba yake yi zuwa rumfar maƙwabci.

Duk da haka ba zan ce hanya ba ta da rana ba, kuma ba zan ɓoye cewa wani sashe na zuciyata yana tare da Yaya ba. Tikiti kowa nasa yake biya, mota kuwa kuɗinta rabawa ake yi. Mutum ɗaya ko biyu, jirgi ya fi sauƙi ta kowace fuska in an haɗa mai da masauki da lalacewar mota. In kun kai huɗu, a cikinku akwai direbobi biyu da wanda ya san kan inji, da mai ɗan Faransanci ko na gaisuwa ne, sikelin ya fara rinjaya. Balle in kuna da masauki a zango. Bahaushe ba ya rasa ɗan'uwa a hanyar nan: akwai Zango a Kwatano, akwai Nima da Sabon Zango a Akara, akwai namu a Tireshbil da Ajame cikin Abijan. Fataken da suka riƙa kora jakuna zuwa Salaga da ƙasar Gwanja neman goro su suka kafa wannan zumunci, mu muna cin moriyarsa ne kawai. A Abijan har abincin da samari suka fi so, wani burabuskon rogo da soyayyen kifi, sunansa garba, saboda mutanen Nijar da suka yi suna wajen sayar da shi. Ka zauna a benci ka ce a zuba maka garba, ka ji kamar maƙwabcinka kake kira. Wanda ya sauka ta sama ya koma ta sama, filin baje koli da ɗakin otal kawai zai ba da labari.

Kuɗin hannu kuma duk ɗaya ne ga kowa. Sefar da muke canzawa a nan don zuwa Maraɗi ita ce dai ake kashewa a Benin da Togo da Kodebuwa, sai dai a kula kada ɗan canji ya haɗa maka da ta Kamaru da Cadi, sunansu ɗaya amma ba ta wucewa a can. Gana sidi take ci. In kana ciniki da Bahaushen can ya ce maka jaka, sefa 1,000 yake nufi, ba naira 200 irin tamu ba. Kada kuma a dogara da katin banki na naira kaɗai.

Akwai hanya ta uku da ba mu fara tunawa da ita ba sai da bakanikenmu ya tsoma baki, yana goge hannu da tsumma. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ai ba dole sai da motarku ba." A hau jirgi zuwa Legas, daga nan a shiga manyan motocin safa da ke zuwa Akara da Abijan. Ka ga bakin teku, ka ga garuruwa, amma takardun mota da usur ɗin jandarma matsalar direba ce, kai fasfonka da katin rigakafinka kawai za ka miƙa. Gajiya tana nan, ƙafa za ta kumbura, amma an ɗauke maka rabin ciwon kai. Wanda yake son ganin hanya sau ɗaya yana iya tafiya ta ƙasa ya dawo ta sama, sai dai tikitin tafiya ɗaya ba lalle ne ya zama rabin kuɗin na zuwa da dawowa ba, a duba kafin a yanke.

Ni dai na yanki tikitina, na bar kwana guda a Abuja. Yaya kuwa ya samo mutum uku, ciki har da wani ɗan ƙanwarmu da ya yi karatu a Maraɗi, ya sa an canza wa Highlander taya huɗu, an ɓare baƙin ledar gilashin, ya kuma je ya mayar da takardun motar sunansa, abin da ya yi shekara biyu yana cewa gobe. Zai riga ni tashi da kwana huɗu. Jiya da zai shiga mota ya leƙo ta taga ya ce, "Ƙane, in ka riga ni isa ka kama mana ɗaki mai wurin ajiye mota." Na ce to, shi kuma in ya biyo ta Akara ya duba mini fitilar gaba ta Corolla ƙirar 2014, ta hannun dama.